Giɓin Fansho: Kuɗi na Asusu, Tsoho na Jira

Tsakanin ƙarshen 2024 da tsakiyar 2025 ma'aikata sun ji labarai uku a kan fansho waɗanda in an jera su ba sa shan inuwa ɗaya. Alƙaluman Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, sun nuna cewa dukiyar da ke asusun fansho ta haura naira tiriliyan 22 a watan Disamban 2024. A Fabrairun 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ciyo bashin naira biliyan 758 ta hanyar sayar da takardun lamuni, domin a biya 'yan fansho abin da suke bin gwamnati. Ba a gama tattauna wannan ba, sai ga tsofaffin 'yan sanda sun fito zanga-zanga a Abuja a watan Yuli, suna neman a fitar da su daga tsarin baki ɗaya. Tambayar da ake ji a ofishin malaman makaranta a Kawo da ke Kaduna, ko a majalisar hira ta bayan La'asar a Tudun Wada, ita ce: in dai akwai tiriliyan 22 a ajiye, me ya kai gwamnati cin bashi, kuma me ya sa wanda ya bar aiki yake shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, bai ga ko sisin kwabo ba?

Abin da ake kira giɓin fansho matsaloli uku ne daban-daban da aka haɗa a suna ɗaya, kowace da asalinta. Duk maganin da ake kawowa kuwa yana sauke nauyin daga wuyan wani ne ya ɗora a wuyan wani.

Tsari biyu, suna ɗaya

A tsohon tsari, ma'aikacin gwamnati ba a cire masa komai daga albashi. Alkawari aka yi masa, kuma adadin a rubuce yake: wanda ya cika shekara 35 yana aiki zai karɓi garatuti ninki uku na albashinsa na shekara, sannan a riƙa ba shi kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai dai ba a tara wasu kuɗi domin cika wannan alkawari, daga kasafin kuɗin kowace shekara ake ɗiba a biya. Idan an samu kuɗi a biya, idan farashin mai ya faɗi ko an karkatar da kason zuwa wani aiki, tsoho ya jira.

A sabon tsari, wanda ake kira na karo-karo ko adashin gata, kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa da lambarsa. Duk wata ana cire wani kaso daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa kason, a zuba a asusun. Kamfanin kula da fansho ne ke juya kuɗin don su haihu, amma ba a hannunsa suke ba, suna wurin wani kamfani na daban mai aikin ajiya kawai, PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun. A nan ba a yi wa kowa alkawarin adadi ba. Abin da ya taru a asusunka, haɗe da ribarsa, shi za a raba maka: a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko dai kamfanin fansho ya riƙa biyan ka wata-wata bisa lissafin shekarun da ake sa ran za ka yi, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyan ka muddin rai.

Saboda haka tiriliyan 22 ɗin nan dukiyar mutane sama da miliyan 10 ce, kowa da nasa, mafi yawansu kuma suna bakin aiki har yanzu. Ba za a iya ɗibar na matashin da ke aikin banki a Legas a biya tsohon ma'aikacin ma'aikatar tarayya da ke Malali ba.

Yadda tsohon tsari ya durƙushe

Dokar fansho ta farko ta zamanin Turawa ce, ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa Janairun 1946, lokacin da ma'aikatan gwamnati ba su taka kara sun karya ba. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta shimfiɗa tsarin da aka bi har zuwa 2004. A tsawon waɗannan shekaru an ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi, ma'aikata sun ninninka, ana yin ƙarin albashi wanda ke jawo ƙarin fansho, alhali babu asusun da ke girma tare da alkawarin. Ga kuma 'yan fansho na bogi da matattu da ake ci gaba da karɓa da sunansu. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin da ya taru a ɓangaren gwamnati ya kai kimanin naira tiriliyan 2, adadin da ya fi kasafin kuɗin tarayya na shekarar.

Mutanen Kaduna sun ga irin wannan a ɓangaren masana'antu ma. Masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, tsofaffin ma'aikatanta kuma suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba. Idan haƙƙin ma'aikaci yana cikin aljihun wanda ya ɗauke shi aiki, ranar da aljihun ya huje shi ke nan.

Shi ya sa gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004, bisa samfurin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Ma'aikaci ya zuba kashi 7.5, mai aiki ya zuba 7.5. Waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka su yi ritaya an bar su a tsohon tsari, kuma su da magabatansu ne hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, take biya a yau. Badaƙalar fanshon 'yan sanda da ta fito fili a 2012, da shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, da ta kai ga ɗaurin shekara takwas a Nuwamban 2021, duk a kuɗin tsohon tsarin suka faru, abin da masu kare sabon tsari ba sa gajiya da tunatarwa. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ɗaga kason zuwa 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai aiki, jimla kashi 18.

Giɓi na farko: haƙƙin shekarun baya

Wanda ya fara aiki a 1990 ya yi shekara 14 a ƙarƙashin tsohon alkawari kafin a mayar da shi sabon tsari. Doka ba ta zubar da waɗannan shekaru ba. Ta ce a lissafa darajarsu a riƙe a matsayin bashi a kan gwamnati, ranar da ya yi ritaya a zuba masa su a asusunsa. Don a samu abin biya, aka wajabta wa Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimlar albashin wata a wani asusu da ke Babban Bankin Najeriya.

A nan gizo ke saƙar. An yi shekaru ana ware abin da bai kai buƙata ba a kasafi, abin da aka ware ɗin ma ba a sake shi duka. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi kuma ita ce ba a fara biyan mutum sai kason baya ya shigo an haɗa shi da abin da ya tara tun 2004, domin da jimlar biyun ake lissafa fanshonsa. Ma'aikaci ya gama tantancewa, ya miƙa takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe, waɗanda yake yawo da su a cikin leda kada ruwa ya taɓa, yana kuma ganin saƙon waya da ke nuna masa kuɗi a asusunsa, amma ba shi da ikon taɓa su. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, mai gidan haya da mai kantin magani kuwa ba su san da wani lissafi ba.

Bashin biliyan 758 an nufe shi ne da wannan rami da 'yan uwansa. Kaso mafi tsoka, kusan biliyan 388, na ƙarin fansho ne da aka riƙe tun 2007, duk da cewa sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi. Sama da biliyan 250 na haƙƙin shekarun baya ne, kimanin biliyan 107 kuma na asusun da doka ta tanada don tabbatar da mafi ƙarancin fansho, sai ɗan abin da ya rage na cike fanshon farfesoshin jami'a. Wannan giɓi yana da iyaka, domin duk wanda aka ɗauka aiki bayan tsakiyar 2004 ba shi da kason baya, kuma kafin 2040 kusan duk masu shi sun bar aiki.

Giɓi na biyu: an cire, ba a zuba ba

Doka ta ce mai aiki ya tura kuɗin cikin kwanaki bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya saɓa kuma a ci shi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Duk da haka akwai kamfanoni, makarantu masu zaman kansu da wasu gwamnatocin jihohi da ke nuna an cire a takardar albashi alhali asusun bai ga komai ba. Asarar biyu ce: uwar kuɗin, da ribar da za su haifa a shekara goma ko ashirin. PenCom tana tura wakilai su ƙwato daga kamfanoni, amma hannunta bai kai ga tilasta wa jiha ba, domin kowace jiha da dokarta.

Giɓi na uku: kuɗin sun zo, ba su isa ba

Wannan shi ne mafi wuyar magani, kuma shi ne ya fitar da 'yan sanda kan titi. A ɗauki ma'aikacin da tushen albashinsa da kuɗin gida da na sufuri suka kama naira 100,000 a wata. Waɗannan ukun ne mafi ƙarancin abin da doka ta ce a yi lissafi a kai, yawancin masu aiki kuma a nan suke tsayawa, sauran alawus ba sa shiga. Kashi 18 na wannan shi ne 18,000 a wata, 216,000 a shekara, miliyan 4.32 a shekara 20 kafin a sa riba. Riba za ta ƙara, amma dole a tuna cewa shekara 20 da suka wuce albashin nasa bai kai kusa da 100,000 ba. Idan aka cire masa kason dunƙule, aka shimfiɗa sauran a kan shekarun tsufa, abin da zai riƙa faɗowa a wata ba zai kai rabin albashin da ya saba da shi ba.

Sai kuma tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Fanshon naira 40,000 da bai motsa ba, idan farashi ya tashi da kashi 30 shekara biyu a jere, abin da zai saya a kasuwar Bacci daidai yake da na naira 23,700 a da. A ƙarshen 2024 fiye da kashi 60 na dukiyar fansho tana cikin takardun bashin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ba su cika haɗari ba, amma a waɗannan shekaru ribarsu ba ta kamo gudun farashi ba. Asusu na ƙaruwa a lamba yana raguwa a mudu.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

'Yan sanda suna kafa hujja da cewa an fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin tun 2011, an fitar da ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa a 2023, su kuma da ke fuskantar harsashi an bar su da abin da ba zai sayi buhun shinkafa ba. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar adalci, domin yana da wuya a gamsar da kurtu cewa tsari nagari ne alhali masu iko suna tsame nasu daga cikinsa. PenCom da kamfanonin fansho suna amsawa da cewa ciwon na ƙarancin albashi ne, a gyara albashin, a ƙara kason da gwamnati ke zubawa, a dawo da garatuti a matsayin ƙari. Suna kuma tambaya: gwamnatin da ta gaza zuba kashi 5 a kan lokaci, da me za ta riƙe fanshon dubban ɗaruruwan 'yan sanda har abada? Ita ma wannan tambaya ba a ba ta amsa da lissafi ba tukuna. Sai dai kamfanonin ba 'yan ba-ruwanmu ba ne a wannan muhawara, tunda ladansu daga yawan dukiyar da suke juyawa yake fitowa.

Wasu kuma ba ficewa suke nema ba, so suke a ba mai ritaya kashi 75 na kuɗinsa a dunƙule, kuma an sha kawo ƙuduri a kan haka a majalisa. Dalilinsu a fili yake: kuɗinsa ne, yana so ya kammala gini, ya aurar da 'ya'ya, ya ja jari, maimakon a riƙa ɗiga masa abin da naira ke cinyewa. Masu adawa suna nuni da cewa wanda bai taɓa kasuwanci ba sai yana da shekara 60, ga 'yan uwa sun ji an biya shi, jarin kan narke cikin shekara biyu, ya rage saura ɗan kason da ba zai riƙe shi ba.

Akwai masu ganin a ɗaga shekarun ritaya daga 60, ko shekara 35 na aiki, kamar yadda dokar 2022 ta kai malaman makaranta 65 da 40, aka kuma bar farfesoshi zuwa 70. Wannan yana ƙara shekarun tarawa ya rage na ci, amma yana toshe gurbin da matasa masu digiri ke jira. Faransa ta ɗaga nata daga 62 zuwa 64 a 2023 ta sha zanga-zangar watanni, ko da yake ita matsalarta yawan tsofaffi ne da ƙarancin masu aiki, Najeriya kuwa matasa ne suka yi mata yawa ba su da aikin albashi.

Kano da Jigawa sun bi hanya ta tsakiya: ana karo-karo, amma kuɗin na shiga tukunya ɗaya, ana biyan mai ritaya bisa tsohon lissafi. An daɗe ana yaba wa Jigawa da biya a kan kari, Kano kuwa ta tara bashin garatuti na biliyoyi, abin da ke nuna cewa tsari ɗaya kan ba da sakamako biyu gwargwadon yadda gwamnati ke zuba kasonta. Chile ɗin da aka kwaikwaya ma ba ta tsaya inda take ba. A 2008 ta ƙara fanshon tallafi daga baitulmali ga masu ƙaramin ƙarfi, a 2016 jama'a suka cika tituna suna kukan ƙarancin fansho, a 2025 kuma ta yi dokar da ta ɗora wa masu ɗaukar aiki ƙarin kashi 7 a hankali a hankali.

Inda Kaduna ta tsaya

Jihar Kaduna ta yi dokarta ta gyaran fansho a 2016, zamanin Nasir El-Rufai, ta fara aiki da tsarin karo-karo a Janairun 2017, inda ma'aikaci ke zuba kashi 7 gwamnati ta ƙara nata kason. Nauyin ma'aikaci ya fi na tarayya sauƙi. A 2020 jihar ta mayar da mafi ƙarancin fanshon 'yan tsohon tsari naira 30,000. Amma da yake an makara wajen shiga, kason baya na ma'aikacin Kaduna ya fi na takwaransa na tarayya nauyi: malamar firamare da ta fara koyarwa a Rigasa a 1995 tana da shekara 21 da ɗoriya a tsohon alkawari, waɗanda jiha da ƙaramar hukuma za su biya, abin da ta tara da kanta kuwa na 'yan shekaru ne. Bashin biliyan 758 na ma'aikatan tarayya ne zalla, ko kwabo ba zai shigo asusun wannan malama ba. Nata ya dogara ne da abin da Hukumar Fansho ta Jiha ta samu daga kasafin Kaduna a kowace shekara.

Wa zai ɗauki nauyin

Takardun lamunin da aka amince a biya 'yan fansho da su bashi ne da za a biya da riba daga harajin kowa, har da mai shayi da ɗan acaɓa waɗanda ba su da fansho ko kaɗan. Manyan masu sayen takardun gwamnati kuwa su ne kamfanonin fansho, wato a ƙarshe ajiyar ma'aikacin yau ce ake rantawa a biya na jiya. Wannan ba laifi ba ne muddin gwamnati tana iya biyan bashinta, sai dai abin da ya faru a Ghana a Disamban 2022, inda sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki kafin a tsame kuɗin fansho daga sake fasalin bashin cikin gida, ya nuna haɗarin zuba ƙwai da yawa a kwando ɗaya.

Idan aka ƙara kason ma'aikaci, abin da yake kaiwa gida zai ragu a lokacin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 ba ya kai wata. Idan na mai aiki aka ƙara, ƙananan kamfanoni za su ƙara karkata ga ɗaukar ma'aikatan wucin gadi da ba a yi musu rajista. Idan aka mayar da wani rukuni tsohon tsari, kasafin asibiti da makaranta ne zai matsa ya ba shi wuri.

A ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, masu asusun fansho miliyan 10 da 'yan kai ne a ƙarshen 2024. An buɗe wa masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ƙaramin tsarin fansho a Maris 2019, amma shigarsu ba ta yi yawa ba, wasu don rashin yarda, wasu don gudun kuɗin ruwa. Saboda na biyun ne PenCom ta fito da wani nau'in asusu da ake kira na shida a 2021, wanda ba ya mu'amala da ruwa, yana zuba jari a irin takardun sukuk da gwamnati ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Wanda ke cikin tsarin kuma yana da 'yan haƙƙoƙi da ba kowa ya sani ba: tun Nuwamban 2020 yana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, tun 2022 yana iya amfani da kashi 25 na asusunsa a matsayin kafin alƙalamin bashin gida, idan kuma ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25. Duk abin da ya ɗiba ta waɗannan ƙofofi, daga fanshonsa na wata-wata za a rage shi ranar da ya yi ritaya.